Zangon karatu ɗaya a Jamus: amsa ga ɗalibin da zai tashi daga ƙauye

Tambaya: Wani ɗalibi ɗan aji uku a sashen aikin gona, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, ya rubuto cewa jami'arsu ta sa sunansa cikin waɗanda za su je Jamus su yi zangon karatu ɗaya a ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na Erasmus+, daga Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu. Bai taɓa hawa jirgin sama ba, iyakar tafiyarsa Abuja. Yana son ya san yadda zai saba da wurin da wuri, da kuma abin da ya fi kayar da ɗalibai irinsa.

Amsa: Ƙanena, Allah ya sanya alheri, ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Abu na farko da za ka sa a ranka shi ne zango ɗaya ba shi da tsawon da za a ce mutum ya bari ya saba a hankali. A Jamus zangon hunturu yana farawa ne a takarda ranar 1 ga Oktoba, amma lakca sai tsakiyar wata, ta ƙare a wajen tsakiyar Fabrairu, kuma a ciki akwai hutun Kirsimeti na kusan mako biyu. Idan ka lissafa, makonnin karatu 14 ne ko 15. Kamar daminar Jigawa take: wanda ruwan shuka ya wuce shi yana neman iri, ba zai kamo sauran manoma ba. Mafi yawan abin da ake kira "rashin sabo" asalinsa takarda ce da ba a sa wa hannu ba, ko kuɗin watan farko da ba a tanada ba, ko tambayar da kunya ta hana a yi. Sanyi da kewar gida suna nan, amma ba su ne suka fi kayar da mutum ba.

Mu fara da takardar da ta fi fasfonka muhimmanci idan ka dawo, wato yarjejeniyar karatu. A cikinta ake rubuta kwasa-kwasan da za ka ɗauka a can, da waɗanda za su maye gurbinsu a jami'arka, sannan mutum uku su sa hannu: kai, da jami'arka, da jami'ar da za ta karɓe ka. Turai tana aiki da ma'aunin ECTS, inda cikakken zango yake da kiredit 30, kowane kiredit kuma yana nufin aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da kake yi kai kaɗai a ɗaki. Namu kiredit ɗin ba haka ake ƙirga shi ba, ɗalibi a nan yakan ɗauki 15 zuwa 24 a zango, don haka kada ka ɗauka 6 ɗinsu daidai take da 6 ɗinmu. Ka ɗauki bayanin kowane kwas na can, ka buga shi a takarda, ka zauna da shugaban sashe da jami'in jarrabawa na sashenku, a rubuta ƙarara cewa kwas kaza na can ya tsaya a madadin kwas kaza na nan. A buga hatimi, ka riƙe kwafi, ka ɗauki hotonsa a waya. Alkawarin baki ba ya aiki a nan, saboda shugaban sashe yana iya sauyawa kafin ka dawo, wanda ya gaje shi kuma takarda zai nema. Haka kuma ka tambaya tun yanzu yaya za a yi da rajistarka ta gida a wannan zangon, da kwasa-kwasan dole da ba su da makamanci a can, da kuma aikin SIWES, wato koyon aiki a wajen makaranta, idan lokacinsa ya faɗo kana waje. Kalandar jami'o'inmu ba ta tafiya daidai da ta Turai, yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya ƙara karkatar da ita, har zango ɗaya a can yana iya cin rabin zango biyu a nan. Ɗalibin da bai warware wannan ba yakan dawo da sakamako mai kyau a hannu amma ya tarar da ƙarin shekara tana jiransa.

Idan ka isa za ka iya tarar da wani kwas an soke shi, ko lokacinsa ya ci karo da wani, ko ashe da Jamusanci ake koyar da shi. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, ana gyara yarjejeniyar a makonnin farko, amma gyaran ma sai ɓangarorin uku sun sa hannu.

Batun biza a taƙaice. Bizar ziyara ta Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake ratsawa da biza ɗaya, kwana 90 kawai take bayarwa cikin kwana 180, kai kuma za ka yi kusan wata biyar, saboda haka bizar ƙasa mai alamar D za ka nema. Ofishin jakadancin Jamus yana Abuja, ƙaramin ofishinsu yana Legas, ka duba shafinsu ka ga wanne ne ke karɓar irin takardunka, ka nemi ranar ganawa a ranar da wasiƙar gayyata ta iso hannunka, domin layin yana da tsawo. Za su so su ga abin da za ka ci. A 2025 abin da Jamus take ƙiyasta wa ɗalibi shi ne Yuro 992 a wata, tallafin Erasmus+ ga wanda ya zo daga Afirka kuma yana tsakanin 800 da 900 gwargwadon ƙasar da aka je, don haka ana iya neman ka nuna cikon. Ka duba sunanka a fasfo da NIN da takardun makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan garinku a wata takarda babu shi a wata, ƙaramin abu ne a wurinmu amma yana tsayar da takarda a wurinsu. Katin rigakafin shawara, wanda jami'an lafiya na filin jirgi suke bayarwa, shi ma ka yi shi da wuri.

Sai kuɗin watan farko, inda aka fi shan wuya. Jami'o'i da yawa ba sa sakin tallafin sai ka iso, ka yi rajista, ka buɗe asusun banki, wani lokaci mako uku ko huɗu ke nan, kuma sukan riƙe wani kaso sai ka gama ka cike rahoton ƙarshe. Amma kashe kuɗi tun ranar farko yake farawa. Ɗakin kwanan ɗalibai yawanci Yuro 250 zuwa 400 ne a wata, ga kuɗin jingina na ɗaki da ake biya kafin a ba ka mabuɗi, wanda doka ta yarda ya kai hayar wata uku, ko da yake a gidajen ɗalibai bai cika kaiwa haka ba. Ga kuɗin zango da kowane ɗalibi yake biya ko da ba a karɓar kuɗin makaranta, wanda a jami'o'i da yawa tikitin bas da jirgin ƙasa yana cikinsa. Ga inshorar lafiya, wadda ba a yi maka rajista sai da ita, ta gwamnati tana haura Yuro 120 a wata. Ga rigar sanyi da bargo da tukunya. Ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na can imel ka tambaye su abu biyu kai tsaye: yaushe kuɗin farko zai shigo, kuma nawa zan biya kafin ya shigo? Abin da suka faɗa maka shi za ka kai wa mahaifinka da yayyenka tun yanzu, a san ko rago za a sayar ko buhunan riɗi, tun kafin lokaci ya ƙure a sayar da araha. Ka riƙe wani abu a hannu na takardar Yuro ƙanana, 10 da 20, kada ka dogara da katin bankin Najeriya, yana iya ƙin aiki a ranar da ka fi buƙatarsa. Layin wayarka na gida kuma ka buɗe masa damar aiki a waje kafin ka tashi, saboda lambobin sirri da banki yake turowa.

Tun da muna maganar kuɗi, ka yi wa gida bayani tun kana gabansu. A ƙauye, da an ji Turai an ji Yuro, za a buga lissafi da canjin kasuwar Wapa a ga kamar ka zama attajiri. Ka zauna da Baba da Inna ka zayyana musu: haya kaza, inshora kaza, abinci kaza, ga abin da ya rage. Idan su biyun sun fahimta, su za su tare maka sauran dangi. Doka ta ba ɗalibin waje damar aikin kwana 140 a shekara, amma a wata biyar, ba Jamusanci a bakinka, ga kiredit 30, ban ba ka shawarar ka sa rai da shi ba.

Kayan tafiya. Yawancin jirage suna ba da jaka mai kilo 23, wasu biyu, ka duba tikitinka. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanu su tsaya a gida, duk yadda Inna ta so. Idan aka gani za a ƙwace, ana iya cin ka tara. Wake ma bar shi, Turai ta dakatar da shigo da busasshen waken Najeriya tun 2015 saboda maganin ƙwari. Abin da zai yi maka amfani shi ne kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunu, kanwa kaɗan da man kaɗanya, kowanne a ɗaure cikin leda mai haske an rubuta sunansa da Turanci, daddawar kuma a ninka mata leda uku. Ka sa ƙaramar buta ta roba, ba za ka samu a banɗakinsu ba. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, namu mai uku ne, ka sayi mahaɗi biyu a Kano. Maganin da ke da tiramadol ko kodin kada ya shiga jakarka sai da takardar likita. Sannan kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da dattijo ne ya haɗa ka da Allah, kuma ka ƙirga 'yan takardun kaya da aka manna a tikitinka su yi daidai da yawan jakunkunanka. Fasfo, wasiƙar gayyata, takardar tallafi da adireshin ɗaki su zauna a jakar hannu, a takarda, domin jami'in shige da fice zai iya tambaya a lokacin da wayarka ba caji.

Mako biyun farko na zirga-zirgar ofis ne, kuma a jere suke, wani ba ya yiwuwa sai an yi wani. Ka karɓi mabuɗi, ka ɗauki hoton duk wani tabo ko karaya a ɗakin a ranar, ka tura wa mai kula da gidan, in ba haka ba a kuɗin jinginarka za a cire. Ka karɓi takardar shaidar mai gida, da ita za ka je ofishin gari ka yi rajistar mazauni, abin da suke kira Anmeldung, wadda doka ta ce a yi cikin kwana 14. Daga nan banki, inshora, rajistar jami'a, katin ɗalibi. Ka rubuta sunanka a akwatin wasiƙa na gidan, saboda Jamus har yanzu da wasiƙa take aiki, katin banki da lambarsa ta nan za su zo, kuma idan babu suna mai rabawa zai koma da su. Wata wasiƙar za ta zo tana neman kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata ga kowane gida. Ba damfara ba ce, ka tambayi abokan zama ko wani yana biya ku raba. Duk wasiƙar da ba ka gane ba, ka kai ta ofishin ɗaliban waje a ranar. Makon gabatarwa da ake shirya wa baƙi kada ka rasa ko awa ɗaya, a nan ake nuna waɗannan abubuwa, a nan kuma ake ƙulla abota, bayan mako uku kowa ya riga ya sami mutanensa. Idan suna haɗa baƙo da ɗalibin gida mai yi masa jagora, ka cike fom ɗin tun kana Najeriya.

Yanzu ajin kansa, inda tarbiyyar gida take iya juye maka. An koya mana sunkuyar da kai gaban babba, da yin shiru har a tambaye ka, da cewa "to" ko ba ka gamsu ba. A can wanda ba ya kallon idon malami ana ɗauka bai shirya ba ko yana ɓoye wani abu, wanda ya yi shiru kuma ana ɗauka ya gane. Ba wanda zai bi ka ya tambaye ka ko kana da matsala. Kowane malami yana da awar ganin ɗalibai a mako, kuma zuwa wurinsa ba rashin kunya ba ne, aikinsa ne. A makonnin farko kunnenka zai sha wahala da Turancinsu, su ma za su sha wahala da naka. Ka zauna a gaba, ka rage saurin magana, idan ba ka ji ba ka ce a maimaita. Imel ɗinka ya zama gajere: gaisuwa layi ɗaya da sunan malami da muƙaminsa, sai buƙata. Doguwar gaisuwa irin tamu a wurinsu cin lokaci ce. Idan ka ga an rubuta lakca ƙarfe 10 da haruffan c.t., 10:15 ake nufi, idan s.t. ne 10 daidai. In an gama lakca za ka ji ɗalibai suna ƙwanƙwasa tebur, tafinsu ke nan.

Abu uku ne suka fi jawo faɗuwa. Na farko, shiga aji daban, rajistar jarrabawa daban. Akwai 'yan makonni da ake buɗe shafin rajistar jarrabawa, idan ya rufe ba ka yi ba, ko kullum kana aji ba za ka zauna ba. Ka tambayi ranakun a makon farko ka rubuta a bango. Na biyu, kwasa-kwasai da yawa ba su da gwajin tsakiyar zango ko makin halarta, jarrabawa ɗaya ce a ƙarshe take ɗauke da komai, wani lokaci ta baki, minti 20 zuwa 30 kai da malami da mai rubutawa. Rashin gwaji yana sa mutum ya saki jiki har Janairu. Haddar takardar malami ba ta fitar da kai, tambayarsu ita ce me ya sa, kuma idan aka sauya kaza me zai faru. Kai da ka taso a gona kana da abin da 'yan ajinku ba su da shi: ka san yadda gero yake yi idan ruwa ya ɗauke mako uku, ka ga wuta-wuta tana cin dawa da idonka, ka san noman rani a fadamar Haɗeja. Ka kawo waɗannan a aji, malaman aikin gona suna neman irinsu. Na uku, kwafe rubutun wani ba tare da faɗin inda aka ɗauko ba. Suna da manhajojin da ke gano shi, hukuncinsa faɗuwa ne kai tsaye, kuma "ban sani ba" ba ta karɓuwa. Haka amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira wajen rubuta aiki, kowane kwas da dokarsa, ka tambaya. Makinsu kuma a juye yake: 1.0 ne ƙoli, 4.0 tsira da ƙyar, 5.0 faɗuwa. Idan rashin lafiya ta hana ka jarrabawa, takardar likita ta ranar ake so, a kai ta cikin 'yan kwanaki.

Sanyi. Daren hunturu mafi tsanani a Jigawa bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba, a Jamus kuwa Janairu yana zagaye da sifili, da dare ya gangara ƙasa. Dabarar ita ce sutura hawa uku: ta ciki mai kama jiki, riga da wando, sai suwaita, sai babbar riga mai tare iska da ruwa. Ta cikin da safa mai kauri ka saya a gwanjo a Kano, babbar rigar da takalmi mai hana ruwa ka bari sai can, a shagunan kayan hannu, domin abin da ake sayarwa a nan da sunan rigar sanyi yawanci ba ya tare iskarsu. Hitar ɗaki tana da lambobi, 3 tana ba da kusan digiri 20, ya isa. Kullum safe da yamma ka buɗe taga gaba ɗaya na minti 5 zuwa 10 ka rufe, in ba haka ba danshi zai sa bango ya yi baƙin fumfuna, a ci ka kuɗi. Gawayi ko kasko a cikin ɗaki kada ka kusa, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci. Turaren wuta ma yana tayar da ƙararrawar gobara, idan motar kashe gobara ta zo kai za a miƙa wa takardar biya.

Duhu ya fi sanyi taɓa zuciya, kuma shi ne ba a gaya wa mutane. A Kano tsawon yini ba ya sauka ƙasa da awa 11. A Balin, babban birnin Jamus, a ƙarshen Disamba, rana tana fitowa wajen 8:15 ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, kuma yawancin kwanaki gajimare ne. Jiki yakan yi nauyi, barci ya rikice. Ka fita ka taka ƙafa na rabin awa da tsakar rana ko da ba ka da aji. Fata mai duhu ba ta samun isasshen bitamin D a irin wannan rana, hukumar lafiya ta Ingila tana ba da shawarar maikrogiram 10 a kullum, ana sayar da shi a kanti ba tare da takardar likita ba.

Wannan gajeren yini yana matse salla. A Disamba azahar tana shiga jim kaɗan bayan 12, la'asar kafin ƙarfe 2, magariba kafin 4, wato salla uku cikin awa huɗu, duk a lokacin lakca. Ka sa manhajar lokutan salla, ka riƙe ƙaramar darduma a jaka, ka tambayi ƙungiyar ɗalibai Musulmi inda suke salla, ka fita daga ɗaki da alwala. Alƙibla a can ba gabas ba ce, kudu maso gabas ce. Kai ba matafiyi ba ne da za ka yi ta ƙasaru, a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu tana yanke hukuncin tafiya. Batun shafa a kan huffi da haɗa salla saboda larura, ka zauna da malaminku kafin ka tashi ka ji hukuncin da sharuɗɗansa. Wajen zaɓen kwas ka duba abin da ya faɗo ranar Juma'a tsakanin 12 da 2. Masallatai da yawa na Turkawa ne ko Larabawa, za ka ga 'yan bambance-bambance a yadda ake salla, ka bi liman ka bar gardama. A shekarun nan azumi yana kamawa a Fabrairu, daidai lokacin jarrabawa, sai dai yinin bai fi na gida tsawo ba. Idan ka yi alwala a banɗakin da kuke tarayya, ka goge ruwan ƙasa, wannan ƙaramin abu ya haddasa rigima tsakanin abokan zama fiye da yadda kake zato. Gaisawa hannu da mata kuma ka yanke shawararka tun kafin ranar, idan ba za ka miƙa ba ka ɗora hannu a ƙirji da fara'a ka faɗi dalili a jimla ɗaya, kada ka bar hannun malama a miƙe kana kallon ƙasa.

Abinci ba zai gagare ka ba idan ka iya girki. Idan ba ka iya ba, watannin da suka rage ka shiga madafa wurin Inna ko ƙannenka mata ka koyi miyar kuka, dafa-duka da wake da shinkafa, a yi maka dariya a gida ya fi. Naman halal yana shagunan Turkawa. Alade sunansa Schwein, ka haddace kalmar, ka kuma riƙa duba gelatin a kayan zaƙi. Garin da suke kira Grieß yana yin tuwo, shinkafar Milchreis kuma tana yin tuwon shinkafa mai kyau. Kantin abincin jami'a yana da araha ga mai katin ɗalibi, kullum akwai na ganye ko kifi. Ruwan famfo ana sha. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, ka yi cefane Asabar. Robar ruwa da gwangwani akwai ajiyar santi 25 a kansu, ana mayarwa a inji a karɓi kuɗi. Daga ƙarfe 10 na dare ba a hayaniya, har da waya da babbar murya, mu kuwa mun saba ɗaga murya idan layi ba kyau. Shiga jirgin ƙasa ba tikiti tarar Yuro 60 ce, ko da ba ka ga mai dubawa a ƙofa ba.

Lafiya: ka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin ka tashi. Idan zazzaɓi ya kama ka a watannin farko, ka gaya wa likita da bakinka cewa daga Najeriya ka zo, a gwada maleriya, saboda ba ita ce za ta fara zuwa masa a rai ba, jinkiri kuma yana da haɗari. Mai sikila ya sanar da jami'a tun kafin tafiya, sanyi yana tayar da ciwon. Lambar gaggawa 112 ce, ta likitan dare da ƙarshen mako 116117.

Kewar gida takan zo ne bayan ɗoki ya lafa, daga mako na huɗu zuwa na takwas. Wani masani ɗan Norway, Sverre Lysgaard, ya bayyana wannan hawa da sauka tun 1955, ko da yake ba kowa ne yake bin tsarin ba. A naka lissafin lokacin zai faɗo a Nuwamba zuwa Disamba, ga duhu, ga hutun Kirsimeti da gidan ɗalibai yake zama kufai. Ka shirya wa wannan hutun tun farkon Disamba: wa zai rage a gari, wa za ka ziyarta, wane karatu za ka gama. Waya da gida ka sa mata lokaci, misali Juma'a da yamma da wata rana ɗaya, sauran kwanaki saƙon murya ta WhatsApp ta wayar wani ƙane da yake samun sabis. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Jamus da na Najeriya ɗaya ne, wannan sauƙi ne. Wanda yake kwana a waya da abokan gida jikinsa ne kawai ya yi tafiya. Ka kuma roƙi babban yayanka cewa idan wani abu ya faru, rashin lafiya ko rasuwa, shi zai kira ka ya faɗa maka, kada ka tsinta a Facebook. Hausawan da za ka haɗu da su a masallaci da yawansu 'yan zangon Gana da Togo ne da 'yan Nijar, za su riƙe ka hannu biyu, amma ka sami aƙalla abokin karatu ɗaya da ba ya jin Hausa. Idan ka yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba ka son fita, ka je ofishin ba da shawara na ɗalibai, kyauta ne kuma sirri ne, ba ya hana addu'a. Wanda ya ci mutuncinka saboda launin fata, kada ka biye masa, ka rubuta rana da wuri ka kai ƙara ofishin ɗaliban waje.

Za a sami masu ce maka ka ɓace kada ka dawo. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa ya zama marar takarda, ba karatu, ba aikin kirki, ana iya hana shi shiga ƙasashen Shengen na shekaru, ya bar digirinsa a aji uku, kuma ya sa a yi wa 'yan bayansa daga jami'arku wahalar biza. Idan wurin ya yi maka, hanyar ita ce ka ci jarrabawa da kyau, ka nemi wasiƙar shaida daga malami ɗaya ko biyu tun kana gabansu, ka dawo ka gama, ka nemi tallafin digiri na biyu irin na DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu.

Kada ka yanki tikitin dawowa sai ka ga ranakun jarrabawa, wasu sukan kai Maris, idan kuma bizarka ba ta kai ba ka roƙi malami tun Disamba ya yi maka taka da wuri. Kafin ka taso ka soke rajistar mazauni a ofishin gari, ka kai shaidar ga kamfanin inshora da ofishin kuɗin rediyo su daina lissafa maka. Ka wanke ɗaki tas, a duba shi kana tsaye, ka bar asusun bankinka a buɗe har kuɗin jingina da ragowar tallafi su shigo. Ka karɓi takardar shaidar kwanakin da ka yi, ka tambayi wanda zai aiko da sakamakonka da kuma inda zai aika, a ƙa'idar Erasmus+ cikin mako biyar bayan an gama tantance jarrabawa ake fitar da shi. Da ya iso, ka haɗa shi da yarjejeniyar nan mai hatimi ka kai wa jami'in jarrabawa da hannunka, ka kuma riƙa leƙawa har ka ga an shigar da makin a sakamakon da za a kai majalisar jami'a.